Littafin Kwali

Tun daren da katangar su Sanda ta faɗi
a Bagalam, bara da damina,
Laure ba ta barci in hadari ya haɗo.
Sai ta zauna bakin gado, ta ƙura wa rufi ido,
tana ƙirga ɗigon da ke faɗawa cikin roba.

Na ce mata, ba komai.
Ta dube ni kamar na ba ta canji bai cika ba.

Ni mai fenti ne. A tasha nake wuni,
ina zana wa manyan motoci zaki mai buɗaɗɗen baki,
da kunama, da ido mai harara.
Shekara goma sha tara ina zanen abin tsoro,
ban taɓa zana abin da ke sa barci ba.

Wani kanti kusa da Babbar Kasuwa
yana da littafin yara, jikka huɗu da rabi:
dabbobi sanye da rigar sanyi, a gidan bene.
Na jujjuya, na ajiye.
Ruwan samansu ba irin namu ba ne,
ba ya cin gindin katanga.

Sai na yanka kwalin shayi gida shida,
Tsahara ta ɗinke gefen da zaren buhu,
na kwaso guntayen fenti daga gindin gwangwani.

Shafin farko, gidanmu, har da indararon da ya karkace.
Na biyu, hadari baƙi ƙirin,
amma na yi masa hanci, mura ta kama shi,
tsawar nan duk tarinsa ce.
Na uku, ga ruwa ya bi lungu,
ya wuce masallaci, ya gangara Gulbi,
can masu zogale da tumatir suna jiransa
kamar baƙon da ya yi alkawari.
Na huɗu, ni ne bisa tsani, ina yaɓe,
uwarta a ƙasa tana miƙo kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Laure ta sa yatsa a kai.
"Baba, kunnenka bai kai haka ba."
Ta yi dariya, haƙoran gaba biyu babu.
Can sai dariyar ta tsaya.
"To in ta faɗi fa?"

Wannan ban zana ba.
Na so in ce ba za ta faɗi ba,
amma Sanda ma ya yi yaɓe.

Kwana biyu burushi na bushewa a hannuna.
Ran na uku na rushe katangar a shafi na biyar,
na zubar da ita har ƙasa, ban rage ba.
Gefe guda mutum uku, sharkaf,
fitila a hannun uwa,
yarinya bisa wuyan mai manyan kunnuwa,
ko tafin ƙafarta bai taɓa ruwa ba.

Ta daɗe tana kallo.
"Takalmina fa?"
Na ƙara takalmi, ja, a aljihun rigata.

Shafi na shida fentina ya ƙare.
Jiya na tarar ta cika shi da gawayi:
wani mutum kwance, idanu kamar faifai.
"Kai ne," in ji ta. "Kai ma ba ka barci.
Ina jin ka kana fita duba bango."
Bisa kansa ta zana hannu,
yatsu bakwai, don ya rufe shi duka.

Daren nan an ɗauke wuta tun magariba,
ruwa ya sauko daga wajen Tibiri.
Cikin duhu take karantawa, da ka,
tana juya kwalin da ya fara laushi.
Hadari ya yi tari, ta ce masa sannu.
Ba ta kai shafi na biyar ba.

Ni kuwa ina nan, kunne a bango,
littafin a ƙirjina, warin fenti da shayi,
robar tana cika, ɗis, ɗis,
ban tashi na zubar ba tukuna.